Farin da Baba Gishiri Bai Gani Ba

A gidan nunin halittun ruwa kowa Baba Gishiri yake ce masa, don duk rigar da ya saka sai ka ga busasshen gishiri a hannunta. Da shara ya fara aiki a wurin. Wata rana mai kula da tankin murjani ya ce ya ɗan riƙe masa bokiti, daga riƙon bokiti sai da ya shekara ashirin da uku a gaban gilashin nan.

Masu zuwa kallo sukan ɗauka duwatsu ne aka jera, shi kuwa sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Dabba ce, ranka ya daɗe. Tana ci, tana girma, har faɗa take yi da maƙwabciyarta." Daga nan ya yi bayanin wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ke zaune cikin naman murjani, su ke ba shi launi da abinci. In ruwa ya yi zafi ko fitila ta yi ƙarfi, sai ya kore su, ya koɗe ya koma fari fat kamar ƙashi.

Cikin murjanin akwai wata mai rassa kamar ƙahon barewa, ruwan ƙasa da shuɗin baki, wadda yake kira Tsohuwa. Ba ta fi ɗan yatsa ba lokacin da aka kawo ta. Ta girma a hannunsa har mutum biyu ba sa iya ɗaga ta.

Ido ne sana'arsa. Daga bakin ƙofa yakan ce wancan reshen ba shi da lafiya, a duba a tarar haka ne. Shi ya sa da yanar ido ta fara rufe masa gani bai gaya wa kowa ba, har 'yar autarsa da suke zaune tare tun rasuwar mahaifiyarta. Kowace safiya a da yakan tsoma ma'aunin zafi na gilashi a ruwa, ya gwada da abin da na'urar sanyaya ruwa ke nunawa. Da ƙananan lambobin suka gagare shi, sai ya ajiye ma'aunin a aljihun tebur. Na na'urar manya ne, jajaye, kullum ashirin da biyar.

Wata ranar Laraba da azahar Auta ta kawo masa abinci, ta tsaya gaban tankin tana dariya.

"Baba, fenti kuka yi wa Tsohuwa?"

"Wane irin fenti?"

"Ga ta nan fara sol, kamar an wanke ta da sabulu."

Ya je ya ɗauko ma'aunin, ya tsoma, ya jira, sannan ya miƙa mata. "Karanta min."

"Talatin da ɗaya. Baba, kai ba ka gani ne?"

Ya zauna a kan bokiti. Na'urar ta daɗe da lalacewa, tana nuna sanyi ruwa kuwa yana ta ɗumama a hankali. Hannunsa ya sha gaya masa, ya ƙaryata hannun.

Da ƙafarsa ya je ofishin manaja. Manajar ta fara cewa laifin na'ura ne, za ta kira mai gyara.

"Na'ura ta yi nata, ranki ya daɗe, amma ni aka ajiye don in kama ta. Wata biyar ke nan ba na gani sosai. Na ji tsoro ku ce in tafi."

Ta ce, "To yanzu me za a yi?"

Ya hana a zuba ruwan sanyi gaba ɗaya, ya ce hakan sai ya ƙarasa su, a riƙa sauke zafin kaɗan-kaɗan, a rage fitila. Auta ta zama idonsa. Reshe-reshe yake tambayarta, akwai nama ko ƙashi ne zalla? Ya ce fari ba mutuwa ba ne, muddin naman na nan. Amma a gindin Tsohuwa nama ya riga ya fara saɓulewa, yana yawo a ruwa kamar tsumma. Ya karɓi almakashi, yana lalube da yatsa, ya yanke rassa goma sha ɗaya daga sama don a dasa su daban. Kwana shida bayan haka gansakuka ta rufe sauran. Tsohuwa ta mutu, aka fito da ita a baro.

Ba wanda ya kore shi. Shi ya miƙa makullai a ƙarshen wata. An yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya ƙi. Manaja ta aiko sau biyu ya zo ya ga wuri, ya ce ƙafa ce ke damunsa. Auta ta san ƙafarsa lafiya lau.

Ita ce ke biyawa ta gidan nunin in ta taso daga aiki. Cikin rassan nan takwas sun mutu. Bayan wata huɗu ta kawo masa hoton ukun a waya, launin ƙasa ya fara dawo musu. Ya kai wayar dab da idonsa mai gani, ya daɗe a haka, sannan ya miƙa mata.

"Ki ce musu na tsakiyan ya yi kusa da fitila. Su sauke shi ƙasa kaɗan."