Rufin da Ya Gagari Yaya Habu

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da aka sa ni lekol, wato makarantar boko, Baba ya dawo daga kasuwar Garwa da faranti a hammata. Kwanuka yake sayarwa, langa da tasa da fulas, kuma duk wanda ya ƙwarzane ya ƙi sayuwa gida yake kawo shi. Inna ta karɓa za ta zuba gyaɗa, sai yayana Habu ya riƙe hannunta. A tsakiyar farantin an zana wani gini mai hawa-hawa, kowane hawa da rufinsa, bakin rufin ya lanƙwashe sama kamar ƙahon sa. A bayansa wata ganuwa ta bi kan duwatsu har ta ɓace. Baba ya ce ƙasar Sin ke nan. Yaya Habu ya zauna a ƙofar madafa yana kallo har tuwonsa ya huce.

A lokacin aikinmu na yamma shi ne kai awaki bakin kogin Binuwai. Da mun ɗaure su a inda ciyawa take, sauran yara su tafi langa da wanka, ni in kwaɓa laka, shi ya hau gini. Ganuwar ba ta ba mu wahala ba; mun ja ta bisa tudun yashi, muka yi mata hasumiya, tururuwa suka zama mayaƙan da take tarewa. Rufin ne ya gagara. Ya gwada karan dawa, ya gwada kaba, ya gwada waya da ya tsinto a garejin unguwa, amma da laka ta bushe sai bakin ya ɓalle. Ba ya fushi. Sai ya tsuguna ya ce, "Binta, akwai abin da suka sa a ƙarƙashi wanda mai zanen bai nuna ba."

Ya tambayi malaminsu na lekol. Malamin ya ce sarakunan dā ne suka gina ganuwar don tare mahaya dawaki daga arewa, kuma mutane da yawa sun mutu a aikin, amma zancen rufi bai sani ba. Yaya ya dawo da sababbin tambayoyi: wa yake hawar musu da ruwa kan dutse, wa yake dafa musu abinci, a ina aka binne su. Inna takan ce, "Kai dai Habu, ka bar mutanen nan su huta."

Da bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya shigo unguwarmu. Ranar Talata Yaya Habu ya ce kansa na ciwo, kashegari wuyansa ya ƙage, Baba ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Yaya bai dawo ba. Ni kaɗai na ci gaba da kai awaki, ina zagayewa ta wata hanya don kada in ga ginin, har kogi ya cika ya tafi da shi.

Ni na gaji rumfar Baba, yanzu kuma har ƙasar Sin nake zuwa sari. Na sha zuwa ban ga komai ba sai shaguna da masauki. Bara ne tafintata ta ja ni wani tsohon wurin ibadar mutanen ƙasar, na tsaya a ƙarƙashin rufin na ɗaga kai. Katakai ne aka sassaƙa, wannan ya shiga cikin wancan ba ƙusa, kowane yana tallafe da na samansa yana tura shi waje. Ta ce lanƙwasar tana barin haske ya shiga, tana kuma watsa ruwan sama nesa da bango. Na zauna a kan dakali ina kuka, ita tana zaton ƙafata ce ta gaji.

Da na dawo na ba Inna labari, ta tsufa yanzu, idonta ya yi rauni. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Da yana nan, da wata tambayar ya riga ya jefo miki."

'Ya'yana yau in sun so sanin abu, waya suke dannawa, kafin shayi ya huce sun manta da shi. Mu kuwa tambaya ɗaya ta ishe mu damina guda, muna tsugune a laka mu biyu. Amsar ta zo, amma ni kaɗai ta tarar.