Kujerar Taga da Gwaggo 'Yardada Ta Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi abarsa. Gwaggona, yayar mahaifina, Hajiya 'Yardada ta unguwar Madabo, ta rasu a ɗakinta bayan gajeriyar jinya, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Ni Zaituna, da ko gaida baƙi sai an zungure ni, yau ni ce na ɗauki biro, domin wadda nake gaya wa komai ba ta nan.

Gwaggo, gida ya cika da masu faɗin alherinki. Wannan ta ce ke kika koya mata sana'a, waccan ta ce ke kika yi jinyar uwarta. Ni kuwa abin da nake tunawa daban ne. Ranar da Baba ya kama ni da littafin soyayya a ɓoye cikin littafin makaranta, ke kika miƙa hannu kika karɓe. Kika ce, "Nawa ne, Garba. Idona ya yi rauni, ita za ta dinga karanta mini." Don kada maganarki ta zama ƙarya, tun daga ranar kika sa ni karanta miki bayan la'asar. Ina karatu kina tsaki: "Wai shi wannan saurayin ba shi da sana'a ne? Kullum yana jingine da mota!" A ɗakinki ne kaɗai muryata take fita.

Kin yi shekaru kina fatauci, kina zuwa Dubai da ƙasar Sin sayo leshi da mayafai. Kamfanin jirgin da kike hawa yana tara wa mai yawan tafiya maki, in ya taru sai a yanki tikiti da shi. Ke kika sa masa suna "ladan gajiya". Da kasuwa ta juya baya, ƙafa kuma ta fara ciwo, kika daina fita. Ba abin da ya rage miki daga waccan rayuwar sai tsofaffin akwatuna da makin nan.

Sai ga shi Yaya Sa'adiyya, 'yarki tilo, da ta bi mijinta karatu Maleshiya, ta haihu a can. Babu uwa, babu dangi, babu mai dafa mata ruwan jego. Muka ga jaririn, Muhammad Auwal, a waya, kika shafa gilashin da yatsa kamar za ki ji ɗumin kumatunsa. Washegari kika buɗe adaka, kika ciro zanen goyon saƙi na kakarmu, wanda duk ɗan gidanmu ya kwana a cikinsa.

"Wannan ba a ba ɗan aike," kika ce. "Hannun jini ne zai kai shi. Ladan gajiyata ya ishe mu mu biyu, zuwa da dawowa. Ki shirya, 'yar littafi."

Ashe tara maki daban, samun kujerarsa daban. Kujerun da ake bayarwa da maki kamar ruwan famfon unguwarmu suke, ba ka san ranar zuwansu ba, kuma kafin ka ɗauko bokiti sun ɗauke. Kullum in na dawo Islamiyya sai in hau saman bene da wayarki, don nan ne sabis yake kamawa. Ke kina ƙasa kan tabarma, kin miƙe ƙafa.

"An samu?"

"Guda ɗaya ce, Gwaggo."

"Ɗaya ba ta yi ba. Sauko ki ci abinci."

Ban san sau nawa ɗaya ta fito kika ƙi ba. Yaya Mikail, babban wana, har ya ce ki tafi ke kaɗai mana, kika ce ai kin gama tafiyar kaɗaici a duniya. Wannan maganar ce take hana ni sakat yanzu. Da kin karɓi guda ɗayar nan, da kin goya jikanki. Na san komai rubutacce ne, amma zuciya ba ta jin karatu.

Ranar da biyu suka fito, na tafiya bayan ƙaramar Sallah mai zuwa, da canjin jirgi a Adis Ababa, guɗar da kika rangaɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa za a aurar. Da muka zo zaɓen wurin zama kika ce in ɗauki na taga. Kika ce duk yawon da kika yi ba ki ga duniya ba: daga filin jirgi sai masauki, daga masauki sai kasuwa, a jirgi kuma barcin gajiya. "Ke ki duba, ki dinga gaya mini, yadda kike karanta mini littafi. Amma ban da ƙarin gishiri."

Biza ta fito, kika kwanta. Ba ki tashi ba.

Bayan kwana uku Yaya Mikail ya kira kamfanin. Suka ce tikitinki ba a juya shi zuwa sunan wani, nawa kuma yana nan. Baba ya ce a soke. "Yarinyar da ko kasuwar Kurmi ba ta zuwa ita kaɗai, ita ce za ta keta duniya?" Ban ga laifinsa ba. Ni ma abin da zuciyata take faɗa ke nan.

Amma zanen yana kan gadonki a ninke, yadda kika bar shi. Ranar addu'ar bakwai, da baƙi suka watse, na ɗauke shi na nufi soro, inda Baba yake zaune da ƙannensa. Ban taɓa magana a gabansu ba. Na durƙusa, na ce, "Baba, amana ce. Gwaggo ta ce hannun jini."

Ya karɓa, ya kai shi fuskarsa. Ƙamshin turarenki bai fita ba. Sannan ya ce, "Da wannan ta goya ni." Ya miƙo mini. "Mikail zai kai ki filin jirgi, mijin Sa'adiyya ya tare ki. Allah Ya tsare."

To, Gwaggo, zan tafi, kuma tsoro nake ji. A littattafanmu, in yarinya ta hau jirgi, wani kyakkyawan baƙo ne yake zama kusa da ita. Da can nakan yi wannan mafarkin. Yanzu ba na son kowa a kujerar nan sai ke da tsakinki.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kin huta gajiyar duk hanyoyin da kika bi don mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba da ƙannensa, da mutanen Madabo baki ɗaya, da Yaya Sa'adiyya da ta yi kukanta a ƙasar da babu mai ce mata sannu da Hausa. Yaya, ki ƙara haƙuri, zanen yana tafe.

Gwaggo, zan duba ta tagar kamar yadda kika ce. Ba ni da wanda zan juya in gaya wa, don haka duk abin da na gani, teku ko gajimare, sai in yi miki addu'a a kansa.