Wutsiyar Kasimir a Hannun Egon Tietze

Shekara talatin da takwas Egon Tietze ya yi yana raba wasiƙu a garin Zwickau, kuma duk tsawon wannan lokaci laifi bai taɓa sauka a kansa ba. Idan wasiƙarka ta faɗa akwatin maƙwabci, kai ne ba ka rubuta sunanka da kyau ba. Idan ta jiƙe, ka je ka tambayi ruwan sama. Matarsa Hannelore ta jure har ta gaji, ta kwashe kayanta ta koma garin Plauen wurin ƙanwarta, shi kuwa ya ce ai dama ko dankali ba ta iya dafawa ba. Da ya yi ritaya abokan aikinsa sun haɗa masa walima, amma kowa ya san murnar rabuwa da shi suke yi.

A hawa na uku yake zaune, ƙofarsa na kallon ta Frau Liebscher, wata bazawara mai baki kamar reza. A gidan, kowa da makonsa na share matakala. Duk ranar Asabar ɗin makonta sai Egon ya fito ya goga yatsa a kan ƙarfen dafawa, ya ɗaga ya duba, ya yi tsaki. Ita kuma a makonsa takan manna masa takarda a ƙofa da jerin wuraren da ya tsallake. Shekara goma sha ɗaya suna haka, ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Abin da ya rage masa a duniya degu biyu ne, wa da ƙane, Bruno da Kasimir. 'Yan dabbobi ne da ba su wuce cikin tafin hannu ba, sun yi kama da ɓera amma sun fi shi kumari da kyan gani, da tuntun gashi a ƙarshen wutsiya. Ya karɓo su daga wurin Frau Renate Wolfram, wata mata da ke tattara degun da masu su suka gaji da su, tana nema musu gida. Ba ta ba da dabba sai ka sa hannu a takarda: ba za ka ba su kayan zaƙi ba, ba za ka bar ɗaya shi kaɗai ba, kuma tana da ikon zuwa ta duba, ta kwashe abinta idan ta ga ba daidai ba. Egon ya yi gardama a kan kowane layi, sannan ya sa hannu. Kejinsu ya cinye rabin falonsa. Busasshiyar ciyawarsu da kansa yake tsincewa, yashin da suke birgima a ciki kuwa kullum sai ya tankaɗe shi. Yana son su ƙwarai, ko da yake da za ka faɗa masa haka da ya zage ka.

A watan Fabrairu haƙorin Bruno ya yi tsawo, sai an kai shi likitan dabbobi ya rage. Frau Wolfram ta sha faɗa masa cewa in za a kai ɗaya, a tafi da duka biyun, don degu da hanci yake gane ɗan'uwansa. Egon ya leƙa taga ya ga ƙanƙara, ya ce ba zai fitar da lafiyayyen dabba cikin wannan sanyi saboda surutun wata mata ba. Ya tafi da Bruno shi kaɗai.

Da tsakar rana suka dawo. Ya buɗe keji ya saka Bruno. Kasimir ya matso ya shinshina, ya ji warin magani da na hannun baƙi, nan take gashin bayansa ya miƙe. Suka fara kaɗa haƙora. Kafin Egon ya cire hularsa sun dunƙule wuri guda suna mirginawa, ba ka gane kan wannan daga ƙafar wancan, ga jini a kan ciyawa. Tawul na rataye a kan kujera, da ya jefa musu shi da an wuce wurin. Shi kuwa sai ya cusa hannu tsirara. Ɗayansu ya kafa masa haƙori a babban yatsa, zafi ya hau masa kai, ya cafki abin da ya samu ya fizgo. Wutsiyar Kasimir ce.

Fatar ta zame kamar an cire safa. Kasimir ya faɗa ƙasan keji yana wani irin ƙara, yana jan siririn ƙashi ja a bayansa. Egon ya tsaya da fata da tuntun gashi a tsakanin yatsunsa. Ya san ba ta sake tsirowa. Ya naɗe dabbar a tawul ya sauka da gudu, jinin yatsansa na ɗiga a matakala, kuma makon Frau Liebscher ne. Likita ya yanke ƙashin da ya rage a waje, ya ɗinke, ya ce a raba su tukuna.

Frau Liebscher, da ta ga saukarsa da dabbar a tawul, ta goge jinin, ta je kantin abincin dabbobi inda lambar Frau Wolfram ke manne a allo, ta buga mata waya. Kwana biyu bayan haka sai ga Frau Wolfram a ƙofar Egon, da ɗan akwatin ɗaukar dabba a hannu.

"Wa ya kira ki?" in ji Egon.

"Takardar da ka sa wa hannu, Herr Tietze. Matsa in wuce."

Ta durƙusa gaban kejin. Ya riga ya raba shi biyu da ragar waya, kowanne na gefensa. Ta daɗe tana kallon guntun wutsiyar Kasimir.

"Me ya same shi?"

"Ɗan'uwansa ne. Bruno ya gutsire ta."

"Bruno."

"Kurma ce ke? Na ce Bruno. Ke kika ba ni mugun dabba, yanzu kin zo kina min kallon ɓarawo a cikin gidana."

"Tare ka kai su asibiti?"

"Ba ruwanki da yadda nake fita."

Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "To shi ke nan. Wanda ya kai ga cire wa ɗan'uwansa wutsiya ba ya komawa keji ɗaya da shi. Zan tafi da Bruno yau. Kasimir kuma in ɗinkinsa ya warke zan dawo in ɗauke shi, tunda ba ya zama shi kaɗai."

"Shi Brunon ina za ki kai shi?"

"Ina kuwa? Zan rubuta a katinsa cewa yana cizo har ya nakasa wani. Ba mai karɓar irinsu. Akwai keji a ɗakin baya, nan zai ƙare kwanansa."

Ta sa hannu a ƙarƙashin cikin Bruno ta ɗauke shi a hankali, ta rufe akwatin. Egon na tsaye a falo. Yana jin ta buɗe ƙofa, yana jin takunta a matakala. Bruno ya yi ɗan kukan da sukan yi idan suna neman juna, Kasimir ya amsa daga cikin keji, ya kama ragar da hannuwansa biyu.

Egon ya fito ko takalmi babu. Frau Liebscher na bakin ƙofarta riƙe da tsintsiya, wai shara take yi. Frau Wolfram ta riga ta kai hawa na ɗaya.

"Dakata," ya ce. Ba ta tsaya ba. Dole ya leƙa ta kan ƙarfen ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. "Ba shi ba ne. Ni ne. Ni na kai shi asibiti shi kaɗai, ni na ja wutsiyar."

Tsintsiyar Frau Liebscher ta tsaya. "A sake faɗa mana, Herr Tietze, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

"Ke kuma ki shiga ɗaki, tsohuwar gulma."

Frau Wolfram ta hawo a hankali har ta iso gabansa. "Na sani tun kafin in zo," ta ce. "Na ga degu sun fi ɗari uku. Faɗansu a baya da wuya yake barin tabo, wutsiya kuwa hannun mutum ke zare ta. Ni ma na taɓa yi, ina sabon shiga, kuma ban taɓa karɓe dabba saboda wannan ba. Amma kai ka tsaya kana kallo na sauka hawa biyu da wanda bai yi komai ba. Ba ka da kunya, dattijo."

Egon ya matsa mata daga bakin ƙofa. Ta shiga ta mayar da Bruno gefensa, ta zayyana masa sharuɗɗa kamar tana magana da ɗan makaranta. Raga za ta zauna mako uku. Kullum da safe ya musanya musu kwanon yashi, wannan ya yi birgima a na wancan, har warinsu ya koma ɗaya. Duk Asabar za ta zo, kuma ranar da ya sake yi mata ƙarya, ranar za ta tafi da su.

Ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, yana gunaguni. A mako na biyu suka fara kwanciya jikin raga, kowanne ta gefensa. Ranar da aka cire ta, Frau Wolfram na tsaye da tawul a hannu. Suka shinshini juna, suka ɗan yi ture-ture, sai Bruno ya hau gyara wa Kasimir gashin wuya. Da yamma suna barci ɗaya a kan ɗaya.

Rigimar 'yan'uwan dai ta ƙare. Amma tun daga ranar da aka zare wutsiyar, da zarar hannun Egon ya shiga keji, sai Kasimir ya yi ƙara guda mai kaifi ya ruga bayan ɗan gidan katakon da ke cikin kejin. Frau Wolfram ta ce wani yakan manta, wani kuma har ya mutu ba ya mantawa. Kowace safiya Egon yakan ɗora 'ya'yan kabewa biyu a tafin hannunsa, ya zura, ya tsaya cik har kafaɗarsa ta yi tsami. Bruno yakan zo ya ɗauki ɗaya, in ya cinye ya dawo ya ɗauki ɗayan. Yau wata na biyar ke nan, Kasimir na can lungu da guntun wutsiyarsa, yana kallon hannun.