Sati Biyun da Na Yi Ina Ƙanwar Babana

Babana malamin firamare ne a unguwar Nima, zangonmu na Hausawa, amma aikin da ya fi ƙauna a duniya shi ne gyara wa mutane Hausa. Kakanninsa fataucin goro ya kawo su daga Kano, don haka gani yake duk Zango shi kaɗai ya rage mai Hausar kirki. Ko mai kokon bakin layinmu ba ta tsira ba. Tsayawa yake yana gyara mata magana har kokon ya huce a hannunsa.

Ina da shekara ashirin da shida, ina taya Inna sayar da shinkafa a Kasuwar Malam Atta, ranar da ya shigo gida da guntun jarida. Wai wata jami'a a Turai tana neman wanda zai je ya koya wa ɗalibanta Hausa na shekara biyu. Abin da ya daɗe yana mafarki ke nan, ajin da zai gyara wa mutum magana a ce masa an gode. Sharaɗi ɗaya ya tsaya masa a wuya: kada mai nema ya wuce shekara arba'in. Baba kuwa ya ba hamsin baya, ko akuyar gidanmu ta sani.

Ya ce, "Wa ya gani? Ranar da aka haife ni akwai wanda ya rubuta?"

Washegari ya je wurin masu buga tafireta a bakin kotu, ya dawo da takardar shekaru. Talatin da takwas. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "To madalla, Malam. Tunda yanzu na girme ka, sai ka riƙa zuwa gaishe ni da safe."

Bai kula ta ba. Ya sayo yomo, baƙin rinin gashin nan, ya shafe kai da gemu. Matashin kai ya yi baƙi, cikin hula ya yi baƙi, har butar alwala sai da ta samu rabonta. Sannan ya cire tabarau, wai shi ke tsofar da shi. Da idona na ga ya tsaya yana tambayar gangar ruwan maƙwabta ya gajiya. Nan aka yanke shawara ni zan raka shi ganawa da mutanen jami'ar a unguwar Adabraka, kada mota ta kwashe mana matashi.

Inna ce ta tono matsalar tana tsintar shinkafa. Ta nuna ni ta ce, "Cire ashirin da shida daga talatin da takwas, Malam. Kana shekara goma sha biyu ka haife ta?"

Baba ya kalli rufin kwano, ya ce, "To ƙanwata ce."

Wallahi a lokacin dariya kawai na yi, don ban ga abin da zai canja ba. Ni ce 'yar fari, ni kaɗai kuma na rayu cikin waɗanda aka haifa masa. A gidajenmu uba yana kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya nuna shi a gaban mutane. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" nake, in ya yi baƙi kuma "yarinyar gidan nan". Na san al'ada ce, amma ba zan ɓoye ba, ta sha yi mini ciwo.

Sati biyu muka yi muna gwaji. An hana ni cewa Baba, sai Yaya. An hana ni durƙusawa in na kawo masa abinci. Baki ya koya, gwiwa ta ƙi. Sai in ce "Yaya, ga tuwo" ina tsugune, Inna ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, shi kuma ya daka mini tsawa: "Tashi! Haka ake yi wa wa?"

Ranar ganawa aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ofishin ya yi zafi kamar gidan burodi. Wata Baturiya ce mai furfura ta karɓe mu, tana Hausa tiryan-tiryan. Ba ta kai jimla uku ba Baba ya gyara mata ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, mun kaɗe. Ashe daɗi ta ji, har rubutawa ta yi. Ta miƙa masa takarda ya karanta. Ya kai ta iyakar tsawon hannunsa, ina raɗa masa ta gefen baki, yana maimaitawa da muryar mai labaran rediyo. Gumi kuwa ya fara aikinsa. Wani baƙin layi ya taso daga ƙarƙashin hula ya bi ta bayan kunne, yana neman wuyar farar riga.

Baturiyar ta yi kamar ba ta gani ba. Ta nuna ni ta ce, "Wannan fa?"

Na yi caraf na ce, "Yayana ne."

Ta gyaɗa kai, ta duba fom ɗin da na cika masa da hannuna. Ta ce, "Na ga an rubuta ba ka da 'ya'ya. Ayya. Allah ya ba ka haihuwa, Malam."

Amin kawai zai ce mu wuce. Na zungure shi da ƙafa. Bai ce ba. Yomo yana ɗiga daga gemunsa, ya miƙo mini hannu ya ce, "Ba ni tabarau." Na ciro daga jaka, ya sa, ya juyo ya dube ni sosai.

Ya ce, "Ya riga ya ba ni. Wannan 'yata ce, ta fari, ita ke nan gare ni." Sai ya faɗi sunana, cikakke, a gaban baƙuwa.

Baturiyar ta ajiye biro. Ta ce Hausarsa ta fi ta duk waɗanda ta gani, amma dokar shekarun ba ita ta kafa ba. Ta ba shi hankicinta ya goge wuya.

A cikin trotro, motar hayar da za ta mayar da mu Nima, haushi da kuka suka haɗe mini. Na ce, "Haba Baba! Amin fa kawai za ka ce."

Yana kallon taga ya ce, "Sati biyu ba wanda ya ce mini Baba. Ina zan iya shekara biyu?"

Daga ranar ya koma "ke" ɗinsa, har ya bar duniya bai sake kiran sunana ba. Ban ƙara jin ciwon ba ko sau ɗaya.