Hajiya Uwale, Wadda Ta Koya Mini Riƙe Draya

Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da ɗalibaina na da da na yanzu, cewa ni ɗin nan da kuke gani da furfura da tabarau na iya busar da gashin mace da draya. Ina iya miƙar da shi, ina kuma iya barinsa da murɗinsa. Shekara goma sha biyu ina ɓoye wannan ilimi.

Yau na daina ɓoyewa. Da safen nan labari ya same ni a ƙofar masallaci cewa wadda ta koya mini, Hajiya Uwale mai salun gyaran gashi ta layinmu, ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin da matata Rabi ta rasu, 'yarmu Ummi tana da shekara bakwai. Tun daga ranar ta hana kowace mace taɓa kanta. Gwaggonninta sun gwada, maƙwabta sun gwada. Da an kai hannu sai ta ƙanƙame ɗankwalinta ta shige bayana. Kitson ƙarshe da uwarta ta yi mata ya zauna har ya cukurkuɗe.

Surukata ta zo daga Baure ta duba kan, ta dube ni. Ta ce namiji ba ya riƙon 'ya mace, ga shaida nan a kan yarinya. Bayan Sallah za ta dawo da jaka ta tafi da ita.

A gidan nan mu biyu muka rage. In ta tafi, sai ni da littattafai.

To, mai karatu ba ya rasa dabara. Na ɗauko drayar Rabi daga kwalinta, na karanta takardar ciki tun daga farko har ƙarshe. Na tsefe kan, na wanke, na yi lissafi irin na malamin makaranta: in zafi ya ƙaru, aiki zai yi sauri. Na murɗa drayar har ƙarshe, na kafa ta a ƙeyar yarinya.

Gidan ya ɗauki warin babbakar kan rago ranar layya.

Ummi ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Baba, Mama ba haka take yi ba.”

Washegari na ja ta zuwa gidan Hajiya Uwale. Salun ɗin a cikin gida yake, namiji ba ya wuce zaure. Ta leƙo da hijabinta, ta ga yadda yarinyar ta maƙale mini, ba ta ko miƙa hannu ba. Ta ce a bar ta, ba gyaran kai take ƙi ba, hannun da ba na gidansu ba take ƙi. Sai ta tambaye ni ko ina da haƙurin a koya mini abu. Na ce ai koyarwa ce sana'ata.

Ta ce, “Shi ya sa na tambaya, Malam.”

Aka zuro mini wayar wuta ta ƙarƙashin labule. Ni a zaure kan tabarma, Ummi a gabana, Hajiya a can ciki tana aikinta tana ba ni umarni.

A fara tsane ruwan da tawul, kada a murza. A shafa mai kaɗan kafin zafi ya taɓa. A raba kan gida huɗu, a ɗaure uku. Taza daga bakin gashi take farawa, a hankali a hau zuwa tushe. Draya kuma nisan taki ɗaya daga fata, bakinta na kallon ƙasa, tana bin mataji, zafi matsakaici. In miƙewa ake so, a ja gashin a hankali iska na biye. In murɗinsa ake so, a ajiye mataji, a naɗe a yatsa, a rage iska. A rufe da iska mai sanyi. Kafin duk wannan, in gwada zafin a bayan hannuna.

Ba ta ganin abin da nake yi, amma kunnenta na gani. Da ƙarar ta canza sai in ji muryarta: “Baban Ummi, ka tsaya wuri ɗaya. Ba masara kake gasawa ba.” Matan ciki su kwashe da dariya. Mutumin da ke ba ɗalibai sifili da jan biro, ga shi ana gyara masa riƙon mataji.

Asabar shida muka yi haka. In an ɗauke wuta ta tayar da janareta saboda kai ɗaya, na yarinyar da ba ta yarda ta taɓa ba. Da na yi maganar kuɗin mai, ta ce in mayar da hankali kan ƙeyar da na ƙona.

Bayan Sallah surukata ta zo da jakarta kamar yadda ta ce. Ta zare ɗankwalin Ummi, ta duba, ta sansana. Ta tambayi wanda ya yi. Ummi ta nuna ni. Tsohuwar ta ce man ya yi yawa. Ta kwana biyu, ta koma Baure ita kaɗai.

Yanzu Ummi tana karatun jinya a Katsina. Ita ke gyara kanta. Drayar tana cikin kwali, ni kuma ina cin tuwo ina kallon bango.

Makonni uku da suka wuce na tsaya gaishe da Hajiya a zauren nan. Ta rame, tana dafa bango. Ta ce, “In 'yata Ummi ta zo ka kawo mini ita. Kan nan da na yi wa aiki ban taɓa sa masa hannu ba. Ina so in ji abin da ka yi.” Na ce babban hutu ya kusa, kuma da tsawon ranta ita za ta binne mu duka. Ta yi dariya har da tari.

Allah ya jiƙan Hajiya Uwale, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a, ya haɗa da Rabi.

Ummi ta zo Juma'ar da ta wuce, ta koma Lahadi. Ban gaya mata saƙon ba. Rowar kwana biyun na yi, ban so a raba ni da ita ba, na ce a raina sai babban hutu.

Ban kyauta ba.