Sabbin Tayoyi Biyu a Hanyar Maradun

Jama'a, ku ji abin da mai faci ya yi muna yau!

Na sayi sabbin tayoyi biyu a Mafara, zan kai Inna Maradun ta ga jikanta da aka haifa. Wurin sawa sai gardama ta tashi. Kawu Bello ya ce, "Gaba za a sa, can sitiyari yake." Yaya Sani ya ce, "A'a Kawu, baya. In an yi ruwa, bayan mota ke zamewa."

Muka tafi sallar azahar ba a daidaita ba. Muka dawo ana yayyafi, muka faɗa mota, ba wanda ya duba.

Kusa da kanal, wato magudanar dam ɗin Bakolori, ruwan sama ya ƙaru. Sai ga shanu sun hawo titi! Na taka birki. Motar ta karkace, ta tsaya dab da wata saniya. Alhamdulillahi!

Kawu ya ce, "Kun ga amfanin gaba." Yaya ya ce, "Baya dai."

Muka fita dubawa. Ashe mai faci ya sa ɗaya gaba, ɗaya baya!

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "To, kowa ya samu tasa. Ku shigo, jikana na jirana."