Fitilun Kan Motar Badaru

Cornelius mutum ne da ba a barinsa shi kaɗai da rediyo. Matarsa Eunice ta koyi wannan tun shekarar farko ta aurensu, ranar da ta dawo daga coci ta tarar da dutsen gugarta a warware a kan tabarma. Ya ce mata ba abin da ya same shi, so kawai yake ya ga inda zafin ke fitowa. Daga wajen Bogoro ya zo Birnin Kudu shekara ashirin da biyu da suka wuce, da niyyar yin wata shida a garejin wani ɗan garinsu. Ɗan garin ya koma gida, shi ya zauna. Yanzu yana da rumfarsa ta walda da gyaran wayar mota, mutanen gari kuma da suka gaji da murɗa harshe sun rage sunan ya koma Koni.

A wannan rumfar Malam Badaru ya same shi a farkon kaka. Badaru direba ne, dattijo, mai jan tsohuwar a-kori-kurar Alhaji Iliyasu, irin mai ja da ƙafa huɗu, yana kwaso hatsi da riɗi daga ƙauyukan Dingaya da Farin Dutse. Sammako yake yi bayan asuba, sau tari kuma magariba ke riskarsa a hanya. Bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Sau biyu cikin wata ɗaya ya afka kwazazzabo, Alhaji kuma ya ce idan aka yi na uku motar za ta koma hannun wani. Laifin fitilun ne, in ji shi, sun tsufa sun yi ja. Ya ga wata motar masu aikin hanya da jeren fitilu a samanta, irinta yake so.

Koni bai taɓa haɗa irin wannan ba, abin da ya sa ya karɓi aikin da rawar jiki ke nan. Ya yanko ƙarfe daga wani tsohon gado da ya daɗe yana tsatsa a bayan rumfa, ya jera masa fitilun babur shida, ya yi masa ƙafafu huɗu, ya shimfiɗa robar tayar keke a ƙarƙashin kowace ƙafa don kada ruwa ya bi hujin noti. Waya kuwa ya biyo da ita ta gefen gilas har batir, ya sa fis da makunni na dabam. Kwana uku yana yi, Eunice tana aiko da abinci yana hucewa a kan injin walda.

Gwajin farko ya ba shi kunya, kuma ya ji daɗin kunyar, don ta ba shi abin tunani. Ya kafa ƙarfen daidai goshin mota, sai hasken ya zubo a kan bonet ya dawo wa direba a ido. Ya zagaya motar ya fi sau goma kafin ya gane, ya ja ƙarfen baya taƙi biyu, rufin ya yi wa bonet inuwa.

Bayan mako ɗaya Badaru ya dawo yana neman a ƙara fitila biyu. Abin ya tsaya wa Koni a rai. Ya auna batir, lafiya lau. Ya duba waya, ya goge gilasan, ya tambayi kansa ko ƙura ce, ko girgizar hanya ce ke karkatar da su. Bai sami komai ba, shi kuwa rashin samun dalili ya fi yunwa damunsa.

Sai ya ƙirƙiro nasa ma'aunin. Bayan magariba suka kai motar filin ƙwallo na bayan gari, ya jera fararen jarkoki shida, taku talatin tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ya dawo ya tsaya a jikin ƙofar direba ya ce a kunna. Fili ya haske har ana ganin ciyawar gindin jarka ta shida.

"Nawa kake gani, Malam?"

"Duka," in ji Badaru.

Koni ya lura cewa ai a gaban Badaru aka sauke su, ƙirgawa ba wuya. Ya ce ya kashe, bari ya gyara wani abu. Ya shiga duhu ya kwashe uku daga tsakiya, ya dawo aka sake kunnawa.

"Yanzu fa?"

Badaru ya matso da fuska jikin gilas. "Suna nan, shida."

Koni ya sunkuya ya dubi idon dattijon a hasken da ke dawowa daga fili, kamar yadda yake duban cikin inji. Ga yanar ido nan, fara-fara a kan ƙwayar ta dama, ta hagu ma ta soma. Ya sami dalilin da ya kwana biyu yana nema, kuma karon farko a rayuwarsa bai yi murnar samu ba. Tausayi ya kama shi. Ya san yana iya yin shiru ya ƙara fitila biyun, ya kuma san mata da yara da ke bin gefen hanyar Dingaya da asuba.

"Malam Badaru, uku ne. Na kwashe sauran. Ko rana na ɗaure maka a kan motar nan, ba za ta yi ba. Ba fitila ba ce."

Badaru ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya ce ya sani tun damina, fata kawai yake yi a ce masa waya ce. Koni ya gaya masa ana cire yanar a asibiti, surukarsa ma an cire mata, yanzu har zare take sa wa allura, kuma zai raka shi wurin Alhaji su roƙi a jira shi. Badaru ya tambaya ko Alhaji zai jira. Koni ya ce bai sani ba.

Dattijon ya buɗe ƙofa ya sauko, ya zagaya ta gaban motar yana dafa bonet da hannu, ya shiga ɗaya ɓangaren, kujerar da rabonsa da ita shekara talatin.

"Injiniya, kai ka mayar da mu gida," in ji shi. "Ka bar su a kunne, ina so in ga iyakar abin da nake gani."